Sunanki a Cikin Magada

Abbasiya, Alƙahira

Zuwa gare ki, 'yar Goggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa, irin wadda bakina yake ƙin yi idan kina tsaye a gabana. Ina fata sai da jirgi ya daidaita a sama kika buɗe wannan takarda, kunnuwanki sun daina toshewa, Alƙahira ta koma ƙarama a ƙasanki kamar garin da yara suka gina da yashi. Allah Ya sauke ku Kano lafiya, Ya kai ki Zariya lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa ki tarar da Goggo a kan ƙafafunta tana faɗa kamar yadda ta saba.

Ba labari zan ba ki ba, don babu abin da ya faru a gidan nan da ba a gabanki ya faru ba. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat. Shekaranjiya muna ɗaure kaya a falo, kina cusa takardun kotu a jakar hannu, kika ce idan kin karɓo kuɗin fanshon Abbanku za ki raba wa ƙannenki Bashir da Humaira duka, ke ba kya so. Na ce saboda me? Kika yi dariya kika ce, "Umma, ni ai takarda ce ta haife ni." Bashir ya yi dariya, Humaira ta yi, ni ma na yi. Daga nan na tashi na shiga kicin, na tsaya ina juya ludayi a tukunyar da ko ɗumi ba ta yi ba. Na san ranar kotu kike nufi. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Ba na so ki bar rabonki, kuma ba na so ki bar gidan nan da wannan magana a ranki, ko da da wasa kika faɗe ta. Zan zo kan ranar kotun. Amma kin san ni, ban iya shiga magana ta ƙofar gaba ba, sai na zagaya. Ki yi haƙuri ki biyo ni, tafiyar da nisa, kina da lokaci.

Kuskurena na farko daɗi ne ya jawo shi. Abbanku ya yi shekaru yana koyarwa a wata kwaleji a Zariya kafin mu taho nan ya ƙaro karatu. Duk wata ana yankar wani abu a albashinsa a zuba masa a asusun fansho, wurin aikin su ma su ƙara nasu. Da zama ya kama mu a Masar, ya koma yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta a asibitoci, asusun ya ci gaba da zamansa a can yana jiran tsufan da Allah bai nufa zai gani ba. Iyakar abin da na sani game da shi ke nan, kuma ba don ya ɓoye min ba.

Wata Juma'a da la'asar ya ce in shirya. Ya kai ni bakin Nilu, muka shiga ɗan jirgin ruwan nan da iska ke turawa. Ya sayi sarƙar furen ful a hannun wata mata, farin furen nan mai ƙamshi, ya rataya min a wuya a gaban mutane. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska kamar ranar da aka kai ni ɗakinsa. Rana tana gangarowa, ruwan ya yi ja, iska tana ɗaga masa gefen riga. Ban taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba. Sai ya gyara murya.

"Amarya," haka yake kirana har ya bar duniya, "akwai maganar asusuna na fansho. Idan na riga ki..."

"Malam, don Allah ka duba ruwan nan."

"Na duba shi. Ki saurara mana, minti nawa ne?"

"Wallahi in ka ƙara zan faɗa ciki."

"Ke da ko a baho ba ki iya iyo ba?"

Ya yi dariya har mai jirgin ya waigo, maganar ta bi iska. Ya sake ɗauko ta wani lokaci muna shan shayi a baranda, na ce yana yi mana mugun fata. Ya ƙara gwadawa, na toshe kunnuwa da yatsu kamar Humaira idan an ce ta yi wanke-wanke. A lokacin gani nake so ke nan, wanda kake ƙauna ba ka yarda a haɗa shi da mutuwa a magana ɗaya. Da zazzaɓin nan ya zo ya tafi da shi cikin 'yan kwanaki, sai ga ni zaune cikin takaba ban san sunan kamfanin da ke riƙe da asusun ba, ban san lambarsa ba, ban ma san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba.

To ki ji. Wata rana wani zai zaunar da ke ya ce miki "idan na riga ki". Ban ce likitan nan ɗan Katsina ba ne, mai kawo wa Bashir littattafan da Bashir bai aike shi ba. Ban ce komai ba, ki daina murmushi, maƙwabcin kujerarki yana kallonki. Ko wane ne shi, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ki yi tambaya, ki riƙe amsar, sannan ki yi kukanki in kina so. Namiji ba ya ɗauko irin wannan zance sai ga matar da yake tsoron ta wahala bayansa. Furen ya bushe kafin Lahadi. Ashe maganar da na hana shi faɗa ita ce kyautar da ya kai ni kan ruwa don ya ba ni.

Wadda ta saurare shi Goggo ce. Yayarsa ce, ita ta goya shi, ita ta raine ki, kuma ita ba ta toshe wa kowa kunne, sai dai ta sa mutum ya toshe nasa. Ita ta aiko min da sunan kamfanin da lambar da komai. A cikin bayaninta ne na ji cewa a gurbin da ake rubuta makusancin mai asusu, sunanta ya rubuta, ba nawa ba. Ina rubuta wannan ina jin nauyi, amma fushi na yi, kuskurena na biyu ke nan. Fushi da mamaci, fushi da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na ɗauka ya mallaka mata asusun ne gaba ɗaya. Kuma ba kuɗin ne ya ci min rai ba, cewa nake a raina, ashe da aka ce ya faɗi wanda ya fi kusa da shi, ba ni ya tuna ba. Na daina kiranta. Idan ta kira in ce a ce mata ina salla.

Kin tuna ranar da ta kama ni ta wayarki, kika tsaya kina riƙe min ita a kunne don kada in gudu.

"Hajara, wace irin salla ce kike yi haka da ba ta da sallama?"

"Goggo, ina wuni."

"Ban wuni ba. An ce min kina kumbure-kumbure saboda sunana. To buɗe kunnenki. Sunan nan na kira ne, ba na rabo ba. In ya mutu a kira ni in yi kuka, aikina ke nan, kuma na yi. Na je wurinsu da ƙafata, suka ce ko sisi ba ya fita sai da takardar kotu mai sunayen magada."

"To me ya hana shi rubuta ni?"

"Ke ma kin san halinsa. A ofis aka raba musu takardun, abokan aiki suna leƙen na juna. Ya tsallake yayar da ta goya shi ya rubuta amarya, su yi ta yi masa tsiya har ya bar aikin? Kunya ce, shashasha. Gidanku kaf ita ke ɗawainiya da ku."

Na yi dariya, na yi kuka, na ba ta haƙuri. Ta ce ta haƙura amma a aiko mata da man zafi.

Idan kin gama bautar ƙasa kin kama aikinki na haɗa magunguna, su ma za su ce ki buɗe asusun fansho, za su tambaye ki makusancinki. Ki rubuta wanda in an kira shi zai ɗauki waya kuma ya san abin yi. Idan rayuwa ta canza, kika yi aure, ko wanda kika rubuta ya tsufa, ki koma ki gyara, kada ki bar shi shekara da shekaru kamar Abbanku. Ki gaya wa mutanenki da bakinki abin da kika rubuta da dalilinsa, don kada wata ta zauna tana ƙullatar ki a banza. Ki kuma sani wannan sunan ba ya ba kowa gado, ba ya hana kowa. Rabo Allah Ya riga Ya yi shi, kotu kuma ita ke buga hatimi.

Kuskurena na uku shi ne na aljihu ɗaya. Kin san tun kafin ki zo nake saro abaya da zannuwan gado da kofunan shayi a kasuwar Ataba ina aika wa 'yan kasuwa a Kano. Duk abin da na samu a asusun Abbanku na banki nake zubawa. Ya sha ce min in buɗe nawa, in ce masa zuciya ɗaya me za ta yi da asusu biyu? Daɗin faɗa gare ta, shi ma in na faɗa sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ni kuma don in ga murmushin nake maimaitawa.

Da na fita takaba na ɗauki takardar shaidar rasuwa na tafi bankin, a zatona gaisuwar mutuwa za su yi min su miƙo min jarina. Gaisuwar kam sun yi. Sannan matar ta ce, "Ma'alish ya madam," wato in yi haƙuri, duk abin da ke ƙarƙashin sunansa ya zama gado, an rufe shi sai na kawo i'ilam wirasa, wato takardar da kotun iyali ke bayarwa mai faɗin wanda ya rasu da waɗanda suka gaje shi. Ko an buɗe ma, rabon Bashir da Humaira yana ƙarƙashin idon kotu har su kai shekarun girma, ba a taɓa shi sai da izini. Jarina ya koma gado, ni kuma na koma mai jiran tumunin takaba a cikin gumina. Ban ce an zalunce ni ba. Doka ce, don marayu aka yi ta, kuma ni na zuba da hannuna.

Ba mu wulaƙanta ba, alhamdu lillahi. Ke kika riƙa koya wa yaran benenmu Turanci bayan kin dawo daga jami'a, ni na koma yin dambun nama ina sayar wa ɗalibai masu kewar gida. Mun ci wake da burodi har Bashir ya ce in aka yanka shi wake za a gani. In na tuna watannin nan ba wahalar nake fara tunawa ba, mu huɗu nake gani a kan tabarma ɗaya muna dariya. Amma duk da haka ki buɗe asusunki da sunanki. Ki so mijinki iyakar so, ki ciyar da shi daga ciki in ya rasa, ki saya masa turare ba dalili. Abin da yake naki dai ya zauna inda in Allah Ya yi ikonSa ba sai kin nemi izinin kowa ba.

Tunda muna kan takardu, bari in gaya miki abin da zai tare ki a gida, yadda lauyar da Goggo ta samo ta yi min bayani. Takardarmu ta nan da aka fassara aka buga wa hatimi tana da amfani, amma ita kaɗai ba ta buɗe asusun fansho. Kamfanin zai nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha. Kowace jiha kuma da nata tsarin da nata kason. Za a kimanta abin da ya bari, a ɗauki na gwamnati, sannan a ba ki takardar. A nan ma na yi wauta. Da yake a Masar kuɗin takardu da hatimi kawai muka biya, ba wanda ya yanki komai a cikin gadon, sai na tayar da jijiyar wuya na ce wannan haraji ban san shi ba. Matan da ke zuwa gaisuwa kuwa kowacce da fatawarta. Wannan ta ce a rage abin da za a faɗa, waccan ta ce a kai maganar wata jihar, wai can ya fi sauƙi. Har na kira lauyar na kawo mata shawarwarin a matsayin nawa. Ta ce, "Hajiya, wa ya gaya miki?" Na ce mutane. Ta ce, "Mutanen za su raka ki in takardar ta dawo?"

Don haka ki faɗi gaskiyar abin da ya bari, ba ragi ba ƙari. Ki yi tambayarki a cikin ofis, ga wanda ke zaune a teburin, ba ga wanda ya tare ki a bakin ƙofa yana cewa ya san hanya ba. Abin da aka ce ki biya ki biya shi inda aka ce, ki karɓi rasit. Kada ki ba kowa takarda ta asali sai kin ga dole, ki yi ta kwafi. A nan "bukra" suke ce mana, a can "a dawo gobe" za su ce miki, duk jirgi ɗaya ya kwaso su, kada ki yi zuciya, ki tafi da ruwanki da dabinonki. In kuɗin sun fito kada wanda ya raba su a tsakar gida da ka. A kai wa masanin gado ko kotun shari'a, a fara da abin da addini ya ce a fara da shi, sannan a ba kowa nasa.

Kowa nasa. To ga ni na iso inda nake ta zagayewa.

Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyar Abbanku aka sa miki. A gidan da na tashi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Sunan suruka kuwa ko a mafarki ba ya fita daga bakin matar ɗa. Ke sai kika haɗa biyun. Da aka yaye ki Goggo ta ɗauke ki, kamar yadda ake yi, kika girma a ɗakinta, mu kuma muka taho Masar aka haifi ƙannenki a nan. Da kika zo karatu kina 'yar budurwa, duk wanda ya tambaya sai in ce 'yar Goggo ce. Abbanku kuma "Uwata" yake ce miki. Ƙannenki su ce Yaya. 'Yan Masar kuwa da ɗa namiji suke kiran mace, tun daga mai gadin bene har mai kayan miya, Umm Bashir suka sani.

A Zariya in mace ta ce "'yar Goggo ce" tana kallon ƙasa, kowa ya gane. Wanda ba a kira sunansa ba shi ne kowa ya san na waye. Ban taɓa tsayawa na yi tunani ba cewa na ɗauko al'adar na baro mutanen da suka san fassararta.

Ammu Usman ne ya yi mana zirga-zirgar kotu, abokin Abbanku na unguwar Arba wa Nus, Bahaushen Sudan, mutumin kirki. Ya ce in zauna in huta, shi ya san gidan kamar tafin hannunsa. Shi ya je aka rubuta takardar neman i'ilam ɗin, shi ya faɗi magada, ni kuma ban ce a karanta min ba. Ranar zama muka tafi tare, ni da ke da shi da wani ɗalibi ɗan Maraɗi, shaida na biyu. Kina gefena kina riƙe da jakata.

Alƙalin ya karanta ta saman tabarau. Mamaci ya bar mata ɗaya, ɗa Bashir, 'ya Humaira. Ya tambayi shaidu, haka ne? Suka ce haka ne. Ya ɗauki biro. Sai Allah Ya sa ya ɗaga kai ya gan ki.

"Wannan fa?"

"'Yar yayarsa ce, ya basha," in ji Ammu Usman, da zuciya ɗaya.

Alƙalin ya juyo gare ni. "Haka ne, ya hagga?"

Na ce a'a. Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

"To wace ce?"

"Ta gidan ce."

"Ta gidan wace iri? Mene ne sunanta?"

Ɗakin cike da maza. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya. Na ji kamar an ce in cire mayafi a tsakiyar kasuwa. Sai na karɓi jakar daga hannunki, na laluba na zaro takardar haihuwarki da aka fassara don iƙama, wato izinin zama, na tura masa ita a kan tebur ba tare da na dube ki ba.

Ya karanta. Ya cire tabarau. "'Yarki ce? Ke kika haife ta? Kuma ba za ki iya faɗin sunanta ba?"

Ammu Usman ya dafe kai. "La ilaha illallah! Hajara! Shekara da shekaru ina cin tuwon gidanku!" Sai kuma ya tsaya, ya dube ni, ya dube ki, idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya yi wa alƙali bayani da Larabci, ya ce kakarsa ma haka take, har ta rasu ba ta taɓa kiran babansa ba, "wancan" take ce masa, amma in an yanka kaza shi ake ɓoye wa cinya. Alƙalin ya girgiza kai ya ce a gyara takarda a dawo. Aka gyara, aka dawo, sunanki ya shiga, shi ne ma na farko a cikin 'ya'ya. Amma ba daga bakina ya shiga ba.

A jirgin ƙasa na metro muka dawo. Da muka fito kika tsaya kika saya min ruwan rake, kika miƙo min kika ce, "Umma, sha, kin gaji." Da faɗa kika yi min da ya fi min sauƙi.

Ga abin da alƙali bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba. Ranar da aka haife ki, da mata suka fita, na jawo ki na ƙirga yatsunki ina sumbatarsu, da na ji motsi na ture ki gefe na juya baya. Ranar da Goggo ta goya ki ta fita da ke, na raka ta har zaure ina dariya, na dawo na sa fuskata a cikin 'yar hularki, ban fito ba sai da aka kira magariba. Ranar da kika sauka a Alƙahira kika shigo da ƙatuwar jakarki, doguwa, da idanun Abbanku, abin da na iya ce miki shi ne "An zo lafiya?" Na shige kicin, shinkafa ta ƙone a gabana ina kallonta. Kin tuna kin ce tana da daɗi? Ƙarya kika yi, kuma tun ranar na san irin 'yar da Allah Ya ba ni. Duk lokacin da kika ga na ba ki gefen burodin da ya fi laushi ban ce komai ba, magana ce nake yi. Na ɗauka kina ji. Wataƙila kina ji ɗin, amma mutum yana so a faɗa masa da harshen da kowa ya sani.

Ban ce ki yar da kunya ba. Ado ce, kuma ta yi miki kyau, na ga yadda kike sunkuyar da kai in an ambaci Katsina. Amma akwai wurare da ake ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi: gaban alƙali, gaban likita, da gaban ɗan da yake jiran ya ji ko nasa ne ke. In Allah Ya ba ki na fari, ki yi masa alkunya a gaban surukai in kina so. In kun shiga ɗaki ki kira sunansa har ya gaji.

Yanzu maganar rabonki. Ba kyautata ba ce da zan ce ki karɓa don ki faranta min, ba kuma na Bashir da Humaira ba ne da za ki ce kin mayar musu. Lokacin da aka fara yankar kuɗin nan a albashin Abbanku, yana tsaye gaban allo alli ya ɓata masa hannun riga, ke kaɗai ce 'yarsa a duniya. Da ya dawo gida ya ce min an fara tara masa na tsufa, cewa ya yi, "Ko ban ci ba Uwata za ta ci." Wannan kam na ji, don a ranar bai ce "idan na riga ki" ba. Ki karɓa, ya shiga hannunki da sunanki. Ki ajiye wani abu don naki tsufan, tun yanzu da kike ganin ba zai zo ba. Bayan nan in kin ga dama ki saya wa Humaira abin da take so, ki taimaki Bashir, wannan kyautar yaya ce, da ladanta. Amma kada ki bar shi don kina ganin ba a ƙirga da ke ba. In kika yi haka kin maimaita kuskuren Ammu Usman ke nan da hannunki, kin cire sunan da aka sha wahala aka mayar.

Jiya da safe na sauka sayen kayan miya wurin matar nan ta kusurwar layinmu. Tana hango ni ta ce, "Sabahal khair ya Umm Bashir!" Na ce mata daga yau ta canza, Bashir ba shi ne babba ba. Ta ajiye ma'auni ta ce, to wa? Na duba hagu, na duba dama. Na faɗa a hankali. Ta ce ba ta ji ba, mikrobas, ƙaramar motar haya, yana hon. Na sake faɗa. Ta ce, "Yalla, ɗaga murya, ba sata kika yi ba!" Na ɗaga. Mai burodi ya ji, mai gadin bene ya ji. Sama ba ta faɗo ba, ƙasa ba ta tsage ba. Ta ce, "Suna mai daɗi haka kike ɓoyewa?" Ta ƙara min tumatir.

Idan kin sauka ki kira ni kafin ki kira kowa, har da Katsina. In na ɗauka kada ki yi sallama tukuna, ki yi shiru, ki bar ni in fara. Wataƙila muryata ta yi rawa. Ki jira ni.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki a kowane ofis da kowane gida. Ya sauƙaƙa miki takardun nan, Ya sa albarka a abin da za ki karɓa. Ya ji ƙan Abbanku, Ya haskaka kabarinsa. Ki gaida Goggo, man zafinta yana cikin jaka ja, ki ce mata na gode da riƙon da ta yi min, amma ina son abata. Allah Ya dawo min da ke lafiya, Sa'adatu.

Sa'adatu. 'Yata ta fari.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Umm Sa'adatu